Ƙofar Gishiri a Tantanin Sel: Yadda Sassan Furotin Ke Buɗe Ta da Rufe Ta

A shekarar 1976 wasu masana biyu Jamusawa, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka ɗora bakin wani siririn bututun gilashi a kan tsokar kwaɗo, suka auna lantarkin da ke ratsa ɗan wurin da bakin ya rufe. Layin da na'urarsu ta zana bai hau a hankali ba, bai kuma sauka a hankali ba. Yakan kwanta, sai ya yi tsalle zuwa wani mataki, ya ɗan jima, ya faɗo ya koma inda yake. Abin da suke kallo furotin ne guda ɗaya tak yana buɗewa yana rufewa. Wannan aiki ya kai su ga kyautar Nobel ta 1991, ya kuma bar wa masu bincike tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: me ke sa ƙofar ta buɗe yanzu, ta rufe an jima?

Jiki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira sel, kowace a nannaɗe cikin tantani na maiƙo wanda kaurinsa bai wuce nanomita 5 ba, kuma sai an jera nanomita miliyan ɗaya ake samun milimita guda. Gishiri idan ya narke cikin ruwa yakan rabu biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Irinsu ake kira ayon, kuma ayon ba ya ratsa maiƙo. Saboda haka sel ke dasa wasu furotin a cikin tantaninta, masu rami a tsakiya, su zama mashiga. Bugun zuciya, saƙon jijiya, motsin tsoka, zufa, duk a kan waɗannan mashigai suka dogara. In ɗaya ta buɗe, miliyoyin ayon ke wucewa cikin daƙiƙa guda.

Abubuwa biyu ake tambaya game da kowace mashiga. Na farko, yaya take tantance mai wucewa, ta bar fotasiyam ta hana sodiyam? Roderick MacKinnon ya warware mafi yawan wannan a 1998, da ya fitar da surar wata mashigar fotasiyam ta ƙwayar bakteriya, aka ga zoben da ke yin tankaɗen. Na biyu shi ne buɗewa da rufewa, kuma a ganina ya fi wuya, domin ita ƙofar ba ta jin komai. 'Yar matsattsar kafa ce da wasu amino asid kaɗan suka tare. Sashen da ke jin canjin lantarki, ko ya kama kalsiyam, ko ya riƙe makamashi, yana can wani wuri daban a jikin furotin ɗin, sau da yawa da nisan da ya kai kaurin tantanin gaba ɗaya. Labari dole ya taso daga can ya iso nan, kuma ba shi da hanyar bi sai ta wuraren da sassan suka taɓa juna.

Furotin jerin amino asid ne da ke naɗe kansa. Idan jerin ya yi tsawo ba ya naɗewa dunƙule guda, sai ya kasu sassa, kowane sashe da surarsa da aikinsa. Misalan yadda sassan ke juya ƙofa suna da yawa. A mashigar fotasiyam ta ƙudan 'ya'yan itace da ake kira Shaker, farkon jerin yana lilo a cikin sel, da zarar ƙofa ta buɗe sai ya shige ramin ya toshe shi. Clay Armstrong da Francisco Bezanilla sun yi hasashen irin wannan a 1977. A 1990 Richard Aldrich da abokan aikinsa suka yanke wannan sashen, toshewar ta ɓace, suka zuba irin guntun da suka yanke a cikin ruwan gwaji, ta dawo. A mashigar zuciya mai suna hERG kuwa, wani sashe na farkon jerin yana rungumar sashen ƙarshe na jerin da ke maƙwabtaka da shi a cikin mashigar, wannan runguma ce ke jinkirta rufewa. In gado ya ɓata ta, bugun zuciya na iya rikicewa. Akwai kuma mashigar Gardos ta jajayen ƙwayoyin jini, wadda wani ƙaramin furotin mai kama kalsiyam ke manne da ita kullum yana jan ƙofarta. Ita ce ke zubar da fotasiyam da ruwa daga ƙwayar jinin mai sikila har ta bushe ta ƙara lanƙwashewa.

Amma in ana son a ga al'amarin daga tushe har reshe, babu kamar CFTR, mashigar kuloraid da ke a huhu da hanji da fankiriyas da magudanar zufa.

Cuta ce ta kai masana gare ta. Dorothy Andersen ta bayyana sistik faibrosis a 1938: yara masu kaurin majina a huhu, abinci ba ya narke musu, ba sa daɗewa a duniya. Bayan wani zafi mai tsanani da aka yi a Niyok a 1948, Paul di Sant'Agnese ya lura cewa zufar waɗannan yara gishiri ya yi mata yawa. A 1983 Paul Quinton, wanda shi kansa yana da cutar, ya nuna cewa kuloraid ne ba ya ratsa magudanar zufarsu. A 1989 Lap-Chee Tsui da John Riordan a Toronto, tare da Francis Collins a Michigan, suka gano ƙwayar gadon a kan kuromosom na 7. Da aka karanta jerin, amino asid 1,480, sai mamaki ya kama kowa, domin bai yi kama da wata mashiga da aka sani ba. Ya yi kama da dangin furotin da ake kira ABC, waɗanda famfo ne: suna ƙona makamashi su ɗauki abu daga wannan gefe su ajiye a wancan. Ɗan Adam yana da irinsu kusan 50. An yi ta gardama ko CFTR mashiga ce ko mai kula da wata mashiga ce, har Michael Welsh a Iowa a 1991, da Christine Bear a Toronto a 1992, suka tabbatar ita ce da kanta. A duk dangin, ita kaɗai aka sani da wannan aiki.

Sassanta biyar ne. Biyu suna cikin tantani, kowanne da sanduna shida da ke ratsa shi, su goma sha biyun nan ne suka kewaye ramin. Biyu suna rataye a cikin sel, ana kiransu NBD1 da NBD2, aikinsu kama ATP, sinadarin da sel ke biyan kuɗin kowane aiki da shi. Na biyar, sashen R, amino asid ne kimanin 200 da ba su da tsayayyiyar sura, kuma babu wani ɗan dangin ABC mai irinsa.

Wanda ya taɓa shanya wanki da maƙalin roba ya riga ya san rabin labarin. Ka matse ƙafafunsa biyu, bakinsa ya buɗe a ɗaya ƙarshen. Ka saki, ya rufe. In kuwa wani abu ya shiga tsakanin ƙafafun, duk matsar da za ka yi ba za su haɗu ba. NBD1 da NBD2 su ne ƙafafun, ƙofar tana can ta gefen waje na tantani, sashen R kuma shi ne abin da ya shiga tsakani. Hoton da Jue Chen ta Jami'ar Rockefeller ta fitar da madubin lantarki, na kifi a 2016 da na mutum a 2017, haka ya nuna: sassan NBD a ware, wani ɓangare na R a cushe tsakanin rabi da rabi, ƙofa a rufe.

Matakin farko ke nan sai an janye R. Idan saƙo ya zo wa sel daga waje, wani sinadari mai suna cAMP yakan ƙaru a cikinta, shi kuma ya tada enzayim ɗin PKA, wanda ke liƙa fosfet a wurare kusan 10 a jikin R. Abin lura shi ne babu wuri ɗaya daga cikinsu da za a ce shi ne makunni. A cire wannan, mashigar ta ci gaba da aiki. A cire wancan, haka. Taruwarsu ce ke sassauta riƙon da R ya yi wa sauran sassan har ya koma gefe. Wannan ya ba sel damar ƙara aiki ko rage shi kaɗan-kaɗan. Tun 1991 ɗakin binciken Welsh ya nuna cewa in an yanke yawancin R aka jefar, mashigar na buɗewa ba tare da jiran PKA ba. Daga baya László Csanády a Budapest ya ƙara wani abu: manne wa CFTR da PKA ke yi, tun kafin ya liƙa fosfet ko ɗaya, yana ɗan buɗe ta.

Mataki na biyu na ATP ne, kuma nan ne gwanintar take. Gurbin da ATP ke zama ba na sashe ɗaya ba ne. Rabinsa yana jikin NBD1, rabinsa yana jikin NBD2, saboda haka gurbi ba ya cika sai sassan biyu sun haɗu, kan wannan a wutsiyar wancan, ATP biyu a matse a tsakaninsu. Wato ATP shi ne abin da ke liƙe su. Guraben biyu kuma ba ɗaya suke ba. Na farko ya rasa ikon fasa ATP, yakan riƙe guda ɗaya na tsawon mintuna. Na biyu yana fasawa, kuma fasawar ce ke kwance liƙin, sassan su saki juna, ƙofa ta rufe. Zagaye ɗaya yakan ɗauki abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. In aka canja amino asid na 1371, wanda fasawar ta dogara a kansa, sai ƙofar ta buɗe ta ƙi rufewa har tsawon mintuna.

Yaya aka san haka tun ba a ga hoto ba? Gwajin da Paola Vergani da David Gadsby suka wallafa a 2005 ya cancanci a tsaya a kansa. Sun duba jerin dangin ABC masu ɗimbin yawa, suka lura da wurare biyu, ɗaya a kowane NBD, da suke canjawa tare: in wannan ya sauya a wata halitta, wancan ma ya sauya ta yadda za su ci gaba da dacewa. A CFTR su ne na 555 a NBD1 da na 1246 a NBD2. Suka canja na farko, suka auna. Suka canja na biyu, suka auna. Suka canja duka biyun. Da ba ruwan ɗaya da ɗaya, illar canji biyun za ta zama jimillar illolinsu ne. Ba ta zama ba. Lissafin ya nuna suna taɓa juna lokacin da ƙofa take buɗe, ba sa taɓawa lokacin da take rufe. Da ma'aunin lantarki kawai suka gano motsin da ido bai gani ba sai bayan fiye da shekara goma.

Daga NBD motsin yakan hau ta wasu gajerun madaukai huɗu da suka sauko daga sandunan tantani suka zauna cikin kwarmin da ke saman kowane NBD. An saƙa su a gicciye: kowane NBD yana riƙe da madauki ɗaya daga sashen tantani na farko, ɗaya daga na biyu, don haka babu yadda za a yi NBD ya motsa bai ja duka biyun ba. A 2015 ɗakin binciken Csanády ya auna wanda ke riga wani motsi, ya samu cewa mahaɗar NBD ce ke fara rufewa, sai madaukan, ƙofa ce ta ƙarshe. A sauran 'yan dangin, wannan motsi yana rufe bakin da ke ciki ne ya buɗe na waje, shi ya sa suke famfo, ba a taɓa samun hanya a buɗe daga farko har ƙarshe. CFTR kuwa tana da wata kafa a gefe, tsakanin sanda ta 4 da ta 6, da ba ta rufewa. Famfo ne mai yoyo, yoyon kuma ya zama aikinsa.

Kada dai a ɗauka abin ya tafi sumul kamar na inji. Hoton da aka samu na CFTR mai fosfet da ATP, sassan NBD a haɗe, ya nuna bakin waje bai gama buɗewa ba. A 2023 ɗakin Chen ya liƙa alamu masu haske a kan NBD biyun, ya kalli furotin ɗaya-ɗaya, ya ga sassan na iya zama a haɗe alhali ƙofa na buɗewa tana rufewa. Haɗuwar sharaɗi ce, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Tana karkata ma'auni ne kawai. Ni dai nan nake ganin sauran aiki yake, a tsakanin madaukai da ƙofa, inda sanda ta 8 ke da wata lanƙwasa da babu irinta a sauran dangi.

Cutar kuwa, a mahaɗa ta fi zama. An rubuta sauye-sauye fiye da 2,000 a wannan ƙwayar gado, amma guda ɗaya, F508del, yana jikin kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar a Amurka. Amino asid ɗaya ne ya ɓace cikin 1,480. Ba a ramin yake ba, ba a gurbin ATP yake ba. Yana saman NBD1, daidai inda madauki na huɗu ke zama. Rashinsa ya sa NBD1 kansa ya yi rauni, ya kuma sa mahaɗar ta yi sako-sako, sai masu duba ingancin furotin a cikin sel su ga bai naɗu daidai ba su rushe shi tun bai kai tantani ba. A 1992 an gano cewa in aka rene sel a wuri mai ɗan sanyi, wasu sukan tsira su kai, kuma suna aiki ko da kaɗan. A 2012 ɗakunan bincike biyu, na Philip Thomas a Dallas da na Gergely Lukacs a Montreal, suka nuna lahanin biyu ne: a gyara ƙarfin NBD1 kaɗai bai isa ba, a gyara mahaɗar kaɗai bai isa ba, sai an haɗa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa magani guda bai taɓuka abin kirki ba a kan F508del.

Wani sauyin, G551D, da ke jikin kusan kashi 4 cikin 100, nasa daban ne. Furotin yana naɗuwa lafiya, yana kai tantani, amma canjin ya faɗo a fuskar NBD1 da ke cika gurbin ATP na biyu. Mashiga tana wurinta, ATP na nan, ba ta amsawa. Don irinsa aka fara samun magani, ivacaftor na kamfanin Vertex, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2012. Da aka ga inda yake zama, a 2019, ashe ba kusa da lahanin yake ba sam. Yana cikin maiƙon tantani, a jikin lanƙwasar nan ta sanda ta 8, yana sauƙaƙa wa ƙofa buɗewa ko da turin da ke zuwa daga ƙasa ya yi rauni. A Oktoban 2019 aka amince da Trikafta, haɗin magani uku: biyu na tallafar naɗuwa a wurare daban-daban, na ukun ivacaftor. Ya sauya rayuwar masu cutar ƙwarai. Farashinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Sauyin da aka fi samu a tsakanin baƙaƙen fata masu cutar a Afirka ta Kudu yana hana a ƙera furotin ɗin ne tun farko, maganin da ke gyara mahaɗa kuwa ba shi da abin kamawa in babu furotin.

A Arewacin Najeriya an fi sanin wannan ƙofa ta ɗaya fuskar, ko da ba a san sunanta ba. Ƙwayar kwalara ba ta huda bangon hanji, ba ta shiga jini. Guba take saki, wadda Sambhu Nath De ya nuna samuwarta a Kalkata a 1959. Gubar ta shiga sel ta maƙale makunnin da ke sa a ƙera cAMP ya kasa kashewa. Sai cAMP ya cika, PKA ya yi ta liƙa fosfet, R ya koma gefe ya ƙi dawowa, NBD su yi ta haɗuwa suna rabuwa ba hutu. Kuloraid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su, har babban mutum kan rasa lita guda cikin awa ɗaya in abin ya yi tsanani. Babu abin da ya lalace a jikin furotin ɗin. Kowane sashe yana cika aikinsa ne bisa umarnin ƙarya. A annobar 2021 an lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suka fi jin jiki. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai amai da gudawa ba ya rufe CFTR. Wata hanya yake bi, furotin da ke shigar da sodiyam tare da gulukos, wanda gubar ba ta tsayar da shi ba, ruwa ya biyo su ya koma jiki.

A 1994 masana a Jami'ar North Carolina suka ba ɓeraye gubar kwalara. Waɗanda ba su da CFTR hanjinsu bai zubar da ruwa ba, masu kwafi ɗaya suka zubar da kusan rabi. Daga nan wasu suka ce kwalara ce ta sa F508del ya yaɗu a Turai, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ya riƙe sikila a nan. Ban gamsu ba: sauyin ya shekara dubbai, kwalara kuwa ba ta isa Turai ba sai a ƙarni na 19. Abin da gwajin ya tabbatar ya fi wannan amfani, wato maganin da zai rufe CFTR na kwana biyu ko uku zai iya rage zubar ruwan.

An nema. Alan Verkman a San Francisco ya samo sinadarai masu rufe ta tun 2002, sun kuma yi aiki a hanjin ɓera. Crofelemer, wanda ake samu daga jan ƙaron wata bishiyar Kudancin Amurka, ya samu amincewa a 2012, amma don gudawar masu shan maganin HIV. Na kwalara har yanzu babu wanda ya shiga hannun likitoci. Kuɗin da aka zuba wajen neman mai buɗe ƙofar da wanda aka zuba wajen neman mai rufe ta ba a ma haɗa su, kuma kowa ya san dalili. Sai dai akwai cikas na zahiri da Verkman ɗin ya lissafa a 2013. CFTR ta fi yawa a can ƙasan wasu matsattsun ramuka na bangon hanji, ruwan kuma daga ramukan yake bulbulowa. Maganin da aka haɗiya dole ya nutsa ya shiga ramin alhali ruwa na turo shi waje, don haka gwargwadon tsananin gudawar, gwargwadon ƙarancin abin da zai isa wurin.